Mai Lalle a Layin Turare

A layin masu turare na kasuwar Omdurman a Sudan, inda ake kawo baƙi su kashe kwarkwatar ido, akwai wata tsohuwa mai lalle. Lafayarta ta koɗe, yatsunta sun rine. Ban san sunanta ba, Gogo dai nake jin ana ce mata. Tana zana wa matan Turawa furanni da baƙin lalle, kai a sunkuye, ba ta cewa komai sai "tamam", wato "ya yi" da Larabci.

Yau wata baƙuwa ta zauna gabanta tana yi wa mijinta Hausa. Hannun Gogo ya tsaya cak.

"'Yata, daga ina?"

"Haɗeja, Gogo."

Ina jin Gogo ba ta taɓa ganin Haɗeja ba. Wataƙila a bakin kakarta ta ji sunan, cikin waɗanda suka taso zuwa Makka a ƙafa, tafiya ta ƙare musu a bakin Nilu.

Sai ta ture kwanon baƙin lallen gefe. Ta kwaɓa ja a 'yar ƙwarya, ta lafta shi a tafin baƙuwar, tana naɗewa da tsumma.

Baƙuwar ta yi dariya. "Gogo, ai a gida an daina wannan ƙunshin. Na Sudan ake yayi, shi na zo yi."

"Au, kun daina?"

Baƙuwar dai ba ta janye hannunta ba. Can tsohuwar ta ƙarasa ɗaurin a hankali.

"To bar shi ya kama. In kin koma ki nuna musu, ki ce mu muna nan riƙe da shi."