Tabon Cizo a Hannun Baba Tankari

Wata rana, shekarun baya, azumi ya riske ni a Damagaram. Ana kiran magariba na kai wa kwanon nama cafka, kun dai san ni da ci!

Caraf! Wani tsoho ya riƙe min hannu. Baba Tankari ake ce masa, tsohon sojan Faransa. Ya turo min kofin kunu, ya nuna min wani tabo a bayan hannunsa.

Jama'a, tabon haƙoran mutum ne!

Ashe a yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun kama shi, suka jefa shi sansanin da suke azabtar da fursunoni. Aikin dutse, duka, sanyi, ga yunwar da sai da ta mai da ƙarti ƙashi da fata. Abokinsa ɗaya ne a wurin, Yanek, mutumin Poland. Bargo guda suke rufa da shi.

Kwatsam wata safiya masu gadi suka tsere. Sojojin ceto suka ɓalle ƙofa!

Ihu, kuka, rungume-rungume! Sojojin nan tausayi ya kama su, suka shiga rabon naman gwangwani da cakulan, kowa ya ci iya cinsa.

Yanek ya samu gwangwani guda, zai buɗe. Baba Tankari ya fizge, ya zauna a kai.

Shi ɗan azumi ne tun yana yaro. Ya san cikin da ya wuni ba komai ma lallaɓa shi ake yi, balle wanda ya shekara.

Yanek ya gantsara masa cizo har jini, yana kuka:

"Kai ma ka zama mai gadi? Ba ni abincina!"

"Cije ni son ranka. Yau kunu za ka sha, nama sai ka yi ƙwari."

Baba Tankari ya roƙo gari, ya dama shi ruwa-ruwa, ya riƙa ba shi cokali-cokali, Yanek na sha yana zaginsa.

Ba a jima ba murna ta koma makoki. Da yawa cikin waɗanda suka cika ciki suka rasu, hanjinsu ya kasa ɗauka. Sun tsira daga Jamusawa, abinci ya kashe su. Wallahi a nan na ji hawaye.

Yanek fa?

Da ƙafarsa ya taka ya hau jirgin ƙasan komawa gida! Kafin ya hau, ya kama hannun nan da ya ciza, ya sumbaci tabon.

Ni kuwa na sunkuyar da kai na shanye kununa tas.

Darasi: Ba duk wanda ya hana ka ne maƙiyinka ba. Wani yana riƙe hannunka ne don ka ga gobe.

Tura wa mutumin da ya taɓa hana ka abu ka ji haushinsa, daga baya ka gode masa!