Hancin Injin Kaftu

Ni na sa Baba ya sayar da shanun huɗarsa. Lokacin ina aikin gyaran injuna a wata masaƙa a Challawa, kuma duk wanda ya riƙe sifana a zamanin nan gani yake babu ƙarfen da zai gagare shi. Wani Bature a Bompai zai koma ƙasarsu, ya fito da kayansa ana ciniki, cikinsu har da ɗan injin kaftu mai shan fetur, ja, da hannuwa biyu kamar na garma. Na je gida na yi ta zuba wa Baba daɗin baki: ba harawa, ba dusa, ba kiwo. Ya daɗe yana kallon bijiman nan biyu da shi da kansa ya huje musu hanci tun suna maruƙa. Daga ƙarshe ya ce, "To, na ji. Amma maganarka na bi."

Makon farko injin ya yi abin kirki a fadamarmu ta bakin kogi. Sai kuma ya ɓullo da wani hali. A ja igiya ya tashi garau, ya yi kaftu kaɗan, sai ya fara tari, ya mutu. Ga irin albasa ya isa dashe, yana neman wuce gona da iri a inda aka yafa shi, ƙasa kuwa ko rabi ba a kafce ba. In dashen nan ya wuce, noman ranin shekarar ya tafi, shanu kuma sun riga sun tafi.

Kullum jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa, sai in hau keke in nufi fadama da kayan aikina. Na cire fulogi na goge shi, wuta tana ba da shuɗi tas. Na wanke soson da ke tace iska. Na kwance kafireta na hure kowace kafa da bakina har fetur ya ɗaye min leɓe. Na zubar da man na zuba sabo, ko an gauraya shi da kananzir. A banza! Maƙwabtan fadama kuwa sun samu abin yi. Wani tsoho mai noman tumatir kullum sai ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Injiniya, yau ma sanka bai ci dusa ba ne?" Wallahi ji nake kamar in jefe shi da sifana.

Baba kuwa sai ya ɗauki fartanya da tsufansa ya hau kaftu da hannu. Ranar da na ga bayansa a duƙe, rigarsa sharkaf da gumi, kunya ta kama ni har na kasa gaishe shi sosai.

Ran Lahadi ba ni da aiki, na yi sammako. Injin ya tashi, ya yi tafiyarsa, ya mutu kamar kullum. Cikin haushi na murɗe murfin tanki in ga ko man ne ya ƙare. Sai na ji "fuuu", kamar an buɗe kwalbar lemo. Mai kuwa yana nan cike. Na mayar da murfi, na ja igiya, ya tashi nan take. Da ya sake mutuwa na sake buɗewa, iskar ta sake shiga da ƙara. Na juya murfin a rana ina dubawa. Ɗan ƙaramin ramin da iska ke shiga tanki, wanda in babu shi mai ba zai gangara ba, an like shi sumul da wani abu mai ƙyalli.

"Baba, ku kuka taɓa murfin nan?"

Baba da ke kaftu a gefe ya jingina da fartanya. "Ni ne. Ƙaro na jiƙa na toshe. Na ga an bar rami, fetur yana ta ƙamshi yana bin iska. Wa yake barin tulun mai a buɗe?"

Dariya ta ƙwace min har na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, ai hancinsa kuka toshe. Ta nan yake numfashi."

Ya karɓi murfin, ya jujjuya shi. Na miƙa hannu zan ɗauko waya in ɓula, ya ce in bari. Ya laluba aljihu ya zaro basillarsa ta ɗinkin buhu, ya yi bisimilla, ya huje ramin da hannunsa.

Na ja igiya. Injin ya ɗauka, ya yi ta ruri, ƙasa tana tashi baƙa wuluk a bayansa. Muka kai ƙarshen fangali muka juyo bai yi tari ba. Na ɗaga murya na kira mai tumatir na ce ya leƙo, san nawa ya ƙoshi. Kafin la'asar matan gida sun fito da kwanduna ana ta dashe.

Da na gaji zan kashe shi, Baba ya dafa kafaɗata, ya ture ni gefe, ya kama hannuwan. Injin ya fizge shi, ya turje ya riƙe. Sai na ji yana yi masa irin kiran da yake yi wa bijimansa in sun kama kunyar huɗa sosai, kiran da ban ƙara ji ba tun ranar da aka kora su kasuwa.