Zaurancen Landan a Gubaira

Shekarun da kuɗin mai suka haukata Riyad ina can, ɗalibi mai karatun Larabci, kuma duk 'yan gida da ke masaukinmu sun san ni da baki. In Bamisire ya faɗi sabuwar sara a kanti da safe, kafin la'asar tana bakina, na riga na gwada ta a kan mutum uku. Ba don jarrabawa nake yi ba. Daɗi kawai nake ji.

Wani hutun zafi ban tafi Kano ba. Wani ɗan Sudan ya raɗa mini cewa ana neman tafinta a wani gini wajen unguwar Gubaira, mai jin Turanci da Larabci, ba a kuma cika tambayar iƙama, takardar izinin zama, ba. Washegari ina can.

Foman ɗin, wato shugaban leburori, Bature ne, dattijo, jajir da shi kamar an tsamo shi daga tukunya, kullum da wata tsohuwar hula mai baki a ka. Aikina in bi shi, in ya yi ihu in juya ihun zuwa Larabci ga leburori 'yan Yaman. Sai dai Turancinsa ba irin na makarantarmu ba ne. Ranar farko ya ce mu hau "apples". Na tsaya ina waige-waige, shi kuwa ya riga ya kama matakala.

Lokacin shan shayi na tambaye shi. Ya ce shi mutumin gabashin Landan ne, unguwar talakawa da 'yan tireda, kuma suna da zaurancensu. Ba sa juya gaɓa irin namu na yara. Su ƙafiya suke bi. Matakala a Turanci tana ƙarewa da sauti ɗaya da "apples and pears", wato tuffa da wani ɗan itace, sai su ɗauki wannan su sa a madadinta. Sannan, don mugunta, su yanke rabin da ke ɗauke da ƙafiyar su yar, su bar ka da tuffa kawai.

"To me ya sa?" na ce.

Ya ce kakansa ya gaya masa 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro don su yi gulmar mai saye a gabansa. Wasu na cewa ɓarayi ne, don kada ɗan sanda ya gane. Shi dai a ganinsa mutane ne da talauci ya ishe su, suka ga baki ne kaɗai ba a biya masa haraji.

Wayyo, ranar kamar an ba ni kujerar Makka. Tarho ya zama kare, daga "dog and bone". Ƙafafu farantan nama, "plates of meat". Kan mutum kuwa burodi ne, "loaf of bread", shi ya sa in lebura ya yi shirme sai foman ya ce a gaya masa ya yi amfani da burodinsa. Amma wadda ta shiga raina ita ce "china". Farantin tangaran ke nan, "china plate", mai ƙafiya da kalmar aboki a Turancinsu. Ya ce ba kowa yake ce wa haka ba. A duk Riyad, in ji shi, bai ga wanda ya kai ba tukuna.

Nan take na ɗaura niyya. Ni zan zama tangaran ɗin nan.

Ana haka aka ce ana neman mai kula da siton siminti. Na kawo abokin ɗakina, wani Badamagare dogo, mai Larabci da Faransanci, wanda Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kanawa da Damagarawa kuwa abokan wasa ne, tun da muka haɗu bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bakano, bawana, ka samo wa ubangidanka aiki? Allah ya yi maka albarka."

"Kai dai ka rufe baki a gaban Bature, kada ka kunyata ni."

Bai rufe ba. Sati bai cika ba na ga ya zare biskit daga farantin Bature, yana kallon cikin idonsa yana taunawa. Bature ya daka masa tsawa, "Tea leaf!" Ni na san wannan, ganyen shayi, wato ɓarawo. Badamagare ya juyo.

"Me tsohon nan ke cewa?"

"Ɓarawo ya ce maka."

"To gaya masa jan kunnensa ya fi tumatirin kasuwar Baɗaha nuna."

"Ba zan faɗa ba."

Sai ya kama kunnen kansa, ya nuna na Bature, ya nuna tumatirin da ke cikin burodin wani lebura. Bature ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Daga nan abu ya lalace mini. Da safe Bature zai ce da ni, "Barka da asuba, samari," da ladabi kamar muna ofishin jakada. Sannan ya hango Badamagare ya ƙwala masa zagi, shi kuma ya rama da Hausa, wani lokacin da Faransanci, ba mai jin wani. Ni ke tsakiya, ni ke da fassarar duka biyun, amma ba wanda ya nema. Ran nan muna zaune a inuwar kwantena, sai na ji da kunnena.

"Zo nan, me old china."

Na miƙe. Ashe ba ni ba ne.

Da yamma a motar komawa na juya wa Badamagare ƙeya. Shi kuwa sai tsokana.

"Bakano, mene ne caina?"

"Kwano."

"Kwano kawai ka kumbura haka? Faɗi gaskiya, bawana."

"Aboki," na ce, kamar ana zare mini haƙori.

"Ai na sani. Mutumin nan taubashi yake nema, ku kuma kun cika shi da yallaɓai. Ƙabilarsu in suna sonka zaginka suke yi."

Abin ya ci ni. Mutumin da bai san tuffa ba, bai san kare ba, shi zai yi mini tafsirin mutanen Landan? Na ce to, in wasan taubasai ne, ai a Kano aka yanke mini cibiya. Mu in muka ga abokin wasa hularsa muke cirewa, sai ya yi roƙo a mayar masa.

Ranar Asabar, farkon mako, mudir, wato babban manaja, ya zo duba aiki, Balarabe da farar riga, da wasu manyan Turawa biyu daga ofis. Foman na tsaye yana nuna musu ginshiƙai. Na lallaɓo ta baya, na fizge hular, na ɗaga ta sama ina murna.

"Yau na ga burodinka, me old china!"

Sanƙo ne, fari fat, bai taɓa ganin ranar Riyad ba. Injin kwaɓa siminti kaɗai ke magana. Mudir ya kalli takalminsa. Na jira zagin, wallahi har addu'a nake yi ya zage ni, ko da ganyen shayin ne.

Foman ya miƙo hannu a hankali.

"In ba za ka damu ba, samari. Na gode."

Ya sa hularsa ya ci gaba da bayanin ginshiƙai.

Bai kore ni ba, da ma ya kora. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya lura yatsuna suna da sauri a kan tafireta, ofis kuma suna neman mai juya takardu, ya riga ya yi mini magana. Ɗaki mai na'urar sanyi, da kujera mai juyawa, da ɗan Pakistan mai kawo shayi a tire. A masauki aka yi ta yi mini barka, har wani ya ce in tsaya masa shi ma.

Tagar ofishin tana kallon sito. Kullum da hantsi ina ganin Badamagare da Bature a inuwar kwantena, dogo da gajere, suna nuna juna da yatsa, bakinsu na motsi. Gilashi ne mai kauri, ga kuma ƙarar na'ura, ba na jin komai. Sabbin kalmomi na ta zuba a kunnen mutumin da ko ɗaya ba zai riƙe ba. Da yamma in na tambaye shi yau me tsohon ya ce, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Oho, wani abu dai mai kama da kukan agwagwa. Kai Bakano, ba ka gajiya?"