Ranar da bakina ya karkace a gaban kyamara

Wata huɗu ban ce komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko aure na yi, a'a. Jinya na yi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Da yaƙi ya rufe jami'armu na dawo gidan Baba a Gadarif, saura shekara ɗaya in gama karatun aikin gona. Aka ce mu ci gaba ta waya. Malami zai turo darasin wata guda rana ɗaya, ya ce jibi jarrabawa. Wuta ta ɗauke, shabakar intanet ta yanke, ba ruwansu. Kullum sai na hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa shagon da ke sayar da intanet awa-awa kusa da kasuwar hatsi, in zauna cikin ƙarar manyan motoci. Barci ya ƙaurace mini. Abinci sai Inna ta yi faɗa.

Abin ya fara da ciwo a bayan kunnen dama. Washegari shayi ya daina yi mini ɗanɗano. Na share.

Ranar jarrabawar baka, ina alwalar azahar, na kurkure baki sai ruwan ya zubo ta gefe. Lokaci ya ƙure, na fita haka.

Mu talatin a layin intanet, kowa kyamara a buɗe. Ustaz ya kira sunana. Na fara amsa, kalmomin suna fita a tauye. Ya katse ni.

"Hawwa, ni kike murguɗa wa baki?"

"Wallahi Ustaz ban..."

Ya cire ni daga layin. Sifiri.

Ina cikin raksha, wani ɗan ajinmu ya saka hoton fuskata a zauren ajinmu na waya, ana ta dariya. A wannan hoton na fara ganin abin da ya same ni.

Inna ta ce iska ce ta buge ni, ta shiga neman turare. Yayana Usman ya ce, "Inna, ki yi addu'ar a hanya. Mustashfa za mu."

Asibitin cike da 'yan gudun hijira, har ƙasa a kwance. Awa uku muna jira, ni kuwa ina tuna kakarmu da ɓarin jikinta ya shanye, shekara bakwai ana juya ta. Aka auna jini da sukari. Likitar ta ce in matse yatsunta, in ɗaga gira, in rufe ido. Idon dama ya ƙi rufuwa.

"Ba shanyewar jiki ba ce," in ji ta. "Jijiyar fuska ce ta kumbura. Amma jininki ya hau, a shekarunki. Yaushe rabonki da barcin kirki?"

Ta rubuta mini magani.

Ƙwayoyi kwana goma. Maganin ɗigawa a ido, da filasta in zan kwanta, don kada idon ya bushe ya lalace. Gasa fuskar da tausa a asibiti sau uku a mako. Baba ya sayar da riɗin da ya ajiye na iri, bai faɗa mini ba, wajen Usman na ji.

Na tura wa sashenmu takardar likita. Bayan mako uku suka amsa da layi ɗaya: a sake darasin baɗi. Ko sannu babu. Mai hoton ya goge shi shiru, kamar ba a yi ba.

A mako na shida gira ta motsa. A na goma na sha ruwa da kofi bai zuba ba. Yanzu murmushina ya kusa daidaita, sai dai idon yana hawaye in ina cin abinci.

Alhamdu lillahi. Inna, Baba, Usman, likitar da ba ta yi mini tsawa ba, da ƙawayena biyu da suka zo da ƙafarsu, Allah Ya biya ku.

Ɗalibai, in baki ya karkace ko ido ya ƙi rufuwa, ku tafi asibiti a ranar, maganin ya fi aiki da wuri. Ku riƙa auna jini. Ku yi barci, jarrabawa ana sake ta. Malamai kuma, ku tambayi ɗalibi lafiya kafin ku kore shi.

Inna ta ce in yafe musu. Ina ƙoƙari. Fuskar ce dai ta riga zuciyar warkewa.