Tirelar Sila a Ƙofar Masallaci

Duk wanda ya daɗe a unguwar Chaza ta Suleja ya san Sila direba, mutumin kudancin Kaduna, dogo, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. Shekara goma sha bakwai yana jan tirelar wani kamfanin ƙasar waje mai rarraba sabulu da madara, daga Suleja zuwa Kano. Ran Lahadi shi ke kaɗa ganga a coci. Matarsa Talatu takan ce ko kabari aka sa shi sai ya samo abokin hira.

Shekara uku ke nan da kamfani ya liƙa wata 'yar baƙar na'ura mai jan ido a gaban kowace mota. Ka yi hamma, muryar mace ta ce maka ka gaji. Ka tsaya fitsari, ta sani. Aka kuma ba kowane direba wayar kamfani, ita ma duk inda ka shiga tana nuna musu. Direbobi suka raɗa mata suna Hajjo, suna dariya, amma wallahi ba mai son haɗa ido da ita.

Da tuƙin awa goma sha shida a rana ya ishe su, sai Lukuman, wani direba ɗan unguwar Wambai, ya kawo shawarar su shiga ƙungiyar ƙwadago. To, a ina za a haɗu? Gareji cike yake da kunnuwa. Suka zaɓi wani ɗan masallaci a Sabon Wuse, don wa zai tuhumi direba da ya tsaya azahar? In an idar, su zauna a inuwa, takardar sa hannu ta zaga. Sila ma yakan faka a bayansu ya jira. Kai, mutum goma sha ɗaya, manya da gemu, ba wanda ya ga ramin da ke cikin dabarar nan!

Wata Laraba Madam Ibukun, mai kula da ma'aikata, ta kira Sila ofis. Ta juyo masa kwamfuta. Ga taswira, ga ɗige-ɗige jajaye na motocinsu sun taru a masallacin nan kamar tururuwa.

"Malam Sila," ta ce tana murmushi, "ka musulunta ne?"

Ya riga ya ƙudura ko za a yanka shi ba zai ambaci sunan kowa ba, amma ko tambayarsa ba ta yi ba.

"Ba komai. Je ka abinka."

Sati bai cika ba, direbobi goma suka dangwala yatsa a na'urar ƙofar gareji, ta ce ba ta san su ba. Wai an rage ma'aikata. Shi kuwa Sila aka ba shi sabuwar mota fil.

Wannan kyauta ita ta fi kora ciwo. Ya yi gaisuwa a gareji, a amsa masa da ƙeya. Abinci ya daina shiga, dariyar nan ta ɗauke. Da abin ya ci shi ya cinye, ya taka da ƙafa har Wambai, ya yi sallama a gidan Lukuman.

Lukuman ya fito, bai kawo tabarma ba.

"Na san ba kai ka sayar da mu ba, Sila."

Hawaye suka cika idon Sila don daɗi.

"Barin ka suka yi kamar akuyar da ake ɗaurewa a tarko. Duk inda ka tsaya, nan za su duba." Sai ya rage murya. "Wayar kamfani fa? Ba dai tana jikinka ba? Ƙanena Siddiq yana cikin gidan nan, shi kaɗai ya rage mana mai aiki a wurinsu."

Sila ya taɓa aljihu. Tana nan, da ɗuminta.

Ran Litinin da hantsi ya iso gareji, ya hango Siddiq tsaye a bakin ƙofa, yana goge babban yatsansa a riga, yana sake dangwalawa.