Abin da Kyaftin Ya Ce wa Kawu

Shekarar da na fara koyar da tarihi a wata sakandare a Boɗinga, duk ran Alhamis nakan hau babur in je Lambara duba kawuna. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasar ƙasar nan yana saurayi, ya dawo ya kama noman albasa. Ban taɓa jin ya yi zancen yaƙin ba.

Wata la'asar na same shi a rumfa yana tsince albasar da ta fara ruɓewa.

Ya ce, "Malam, mi ka karantar da ɗiyan mutane yau?"

Na ce, "Kawu, yaƙin da Amurkawa suka gwabza da junansu a kan bauta." Na ba shi labarin shugaban ƙasarsu, yadda ya yi ta canza manyan hafsoshi har ya dace da wanda zai iya, da yadda ya sa hannu a takardar 'yanta bayi ana tsakiyar wuta.

"To waɗanda anka ci da yaƙi, mi anka yi musu?"

"Janar ɗin da ya yi nasara ya ba su abinci, ya ce su koma gida da dawakinsu, don lokacin huɗa ya kusa."

Kawu ya ajiye albasar hannunsa.

"Kyaftin ɗinmu irin wanga ne," in ji shi. "An kashe min aboki, wanshekare munka kama wasu samari na abokan gaba bakin rafi, ba su da ko harsashi. Na ɗaga bindiga. Sai ya tako a hankali ya sa ƙirjinai ga bakinta. Ko tsawa bai yi ba. Ya ce, 'Kofur, ka fara da ni.'"

Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ne ke wannan magana.

"Sannan ya ciro gorar ruwanai ya miƙo min, ya ce in shayar da su. Guda daga cikinsu ni na riƙe mai gorar har ya ƙoshi."

Na ce, "Yana ina yanzu, Kawu?"

"Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ko kabarinai ban sani ba. Amma ban taɓa sallame salla ban sa shi addu'a ba."

Aka kira magariba. Ya miƙe da kyar, na riƙe masa buta ya yi alwala, muka bi sahu tare.