Idon Hagu na Uwar Tsatsa

Darlene Pruitt ta iya faɗuwa tun kafin ta iya karatu. A garinsu na masu haƙar kwal, can cikin tsaunukan Pennsylvania, gidansu mai bene ne, ubanta kuma in ya sha ya dawo ba ya tambayar wa ya yi laifi. Wanda ya tarar a bakin matattakala shi zai gangaro. Yayyenta maza duk sun ga ɗori. Ita kuwa da wuri ta gane cewa in ka saki jiki, ka manna haɓa a ƙirji, ka bar kafaɗa ta riga kai isa ƙasa, da ƙujewa kawai za ka tashi.

Tana budurwa ta bar gida, ta shiga ƙungiyar mata masu tseren takalmin taya, irin wanda ake zagaya fili ana bangaje juna da kwatangwalo da gwiwar hannu. A nan ta bar haƙora biyu, ta kuma karya wa wata ƙashin wuya a gaban 'yan kallo suna ihun a ƙara. Da wasan ya mutu, filayen suka rufe ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma mayanka tana saɓa cinyoyin shanu. Can Mista Fazio ya same ta.

Mista Fazio gajere ne mai tumbi, kullum da guntun sigari a baki wanda ba ya kunnawa. Wani kamfanin littattafan zane na New York ya ba shi izinin yawo da jarumansa manyan kantuna, ana kafa dandamali a tsakiyar kanti ranakun Asabar, jarumi da mugu su gwabza a gaban yara, daga baya a sayar da hotuna. Manyan miyagu kamfanin bai yarda a taɓa su ba. Abin da aka ba shi shi ne Uwar Tsatsa, wata mai juyayyar halitta wadda duk ƙarfen da ta taɓa sai ya ruɓe ya zube. Sau uku kacal ta fito a littafi, a na ukun jarumi Ƙyauren Birni ya wurgo ta daga kan gada, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

"Ba magana, ba rawa," in ji Mista Fazio. "Za a dake ki, ki faɗo daga tsani, yara su yi murna. Kin iya?"

"Tsanin mai tsawo ne?"

"Ya fi ni."

"Ai kujera ma ta fi ka," ta ce. Ya ɗauke ta aiki.

Matsalar tana ga fuskar. Mai zanen ya zana Uwar Tsatsa da ɓawon tsatsa ya cinye rabin fuskarta na hagu har da ido, kamfanin kuma ƙa'idarsa ita ce kaya su fito daidai da zane. Sukan aiko wata mata da littafi a hannu ta zagaya mutum tana kwatantawa. Don haka abin rufe fuskar, wanda aka ƙera da busasshiyar roba mai tauri, ba shi da huda ta hagu. Duk abin da ya taso daga wannan gefen, Darlene ba ta ganinsa.

Mai sa kayan Ƙyauren Birni a lokacin shi ne Curtis, tsohon ɗan kokawa mai sanyin hali. Shi ya koya mata sirrin aikin: mai duka ba ya taɓa kowa, hannunsa iska yake yanka, mai shan dukan shi ke marin cinyarsa a ɓoye don ƙara ta fita, ya karkatar da kai, ya kife. Don gefen da ba ta gani kuwa, Curtis ya ƙirƙiro alama. Kafin ya kawo hannu ta hagu sai ya buga ƙafa a katako sau biyu. Tana jin bugun a tafin ƙafarta ko da kanti ya cika da ihu. Shekaru suka yi haka. Yara suka tofa mata yawu, suka jefe ta da kofunan lemo, wata kaka ta taɓa kwaɗa mata laima a gadon baya a wurin ajiye motoci, amma hannun Curtis bai taɓa ko gashinta ba. Tana son aikin fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa. In ta sako daga saman tsanin, kanti kan yi tsit na ɗan lokaci kafin ihu ya ɓarke, wannan shirun kuwa nata ne ita kaɗai.

Gwiwar Curtis ta gaza, ya koma wurin 'yarsa a Ohio. Mista Fazio ya kawo Todd, wani saurayi da aka tsinto a gidan ɗaga ƙarfe saboda faɗin ƙirjinsa. Ranar farko Todd ya duba safar hannun jarumi ta roba mai laushi, ya ce ta yi kama da ta wanke-wanke. Ya sayo ta 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara, mai ƙwanƙwasassun gaɓoɓi, ya fesa mata fenti ruwan azurfa. Matar kamfani ta zo ta ce ta ma fi kama da zanen.

Darlene ta nuna masa bugun ƙafar.

"In riƙa dire-dire kamar doki?" ya ce. "Haba, kaka. Ƙyauren Birni ba ya neman izini kafin ya yi duka."

"Ƙyauren Birni takarda ne, ɗan maraƙi. Ni kuwa nama ce."

"To ki riƙa kaucewa da wuri. Ko tsufa ya hana?"

"Ka buga ƙafa kawai. Sau biyu. Na san lissafin zai wahalar da kai, amma ka gwada."

A wurin gwaji yana bugawa. A gaban jama'a, da zarar iyaye maza sun fara kiran sunan jarumi, sai jininsa ya hau, ya manta. Asabar ɗin farko ya fasa mata leɓe. Ta biyu ya taka mata yatsu. A wani kanti kusa da Allentown ya kawo hannu ta hagu ba alama, safar ta sauka a tsakiyar ɓawon tsatsar, robar ta tsage ta shige ciki. Darlene ta ji wani abu ya ɓalle a ƙarƙashin idon kamar an taka ƙwai. Duk da haka ta mari cinyarta, don jiki ya saba, ta hau tsani, ta faɗo yadda ya kamata. Sai a bayan labule da aka zare fuskar jini ya zubo mata har cikin riga.

Likitan da ya duba ta ya ce ƙashin da ke riƙe da idon ya tsage, fatar cikin idon kuma ta fara ɗagowa. Ya liƙe abin da ya liƙu.

"Mis Pruitt, ba zan ɓoye miki ba. In wani abu ya sake bugun nan, ko ƙwallon yara ne, idon ya tafi. Wane irin aiki kike yi?"

"Ana duka na."

Ya ɗago ya dube ta, bai yi dariya ba.

Da kumburin ya sauka ta je wurin Mista Fazio ta roƙi a huda fuskar ta hagu, ko a mayar da tsohuwar safar. Ya juya sigarinsa daga wannan gefen baki zuwa wancan.

"Darlene, 'yar gari, kin san ba ni ke da fuskar nan ba. Su kuma can New York rabinsu sun manta akwai wata Uwar Tsatsa. In na buga waya na ce tana ba ni matsala, cewa za su yi in sa ta a kwali in aiko. Shi ke nan, ba ke, ba ita. Yaron nan na yi masa magana. Ya rantse da kabarin kakarsa zai buga ƙafa."

"Kakarsa tana da rai. Ita ke kawo shi a mota."

"To da na ɗayar."

Ta san ya kamata ta tafi. Ta tsaya gaban madubi ta rufe idon dama, ta ga duniya ta hagu tana nan, da ɗan hazo a gefe. Sannan ta tuna kwalin. Ta koma.

Kantin na wannan Asabar ɗin sabo ne, mai hawa biyu, mutane sun cika har kan baranda suna leƙowa. A bayan labule ta kama hannun Todd.

"Sau biyu."

"Na ji, kaka, na ji. Kin fi uwata mita."

Farkon faɗan ya tafi daidai. Ta taɓa sandar ƙarfen ƙarya ta ruguje, yara suka yi mata ihu. Todd ya kawo duka ta dama, ta gani, ta mari cinya, ta kife, ta tashi. Ya buga ƙafa sau biyu, ya kawo ta hagu, ta kauce, har ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta. Sai wani ƙato daga baranda ya fara kiran a cire mata kai, wasu suka ɗauka, kantin ya amsa gaba ɗaya. Ta idon dama ta ga wuyan Todd ya yi ja. Ya zagaya ta hagunta, ya ɓace mata.

Ta kasa kunne ga katakon. Shiru.

Ta duƙa a kan zato kawai. Safar ta wuce ta saman idon ta yage mata kunne, zafi ya tsarga mata har muƙamuƙi. Kafin ta miƙe ya cafki gashin da ke manne da fuskar robar da hannu ɗaya ya ɗago kanta, abin da ba ya cikin wasan sam, ya juya ta ga jama'a don su gani. Tana jin numfashinsa. Ta san ɗaya hannun yana sama, ta san kuma inda zai sauka.

A aikin nan akwai dokar da ta fi ta kaya ƙarfi: jarumi ba ya faɗuwa a gaban yara. Ko santsi ya ɗebe shi, mugu ne zai riga shi kaiwa ƙasa.

Darlene ta dunƙule, ta saka kwatangwalo a ƙasan cibiyarsa yadda take yi wa matan tsere a kan kwana, ta ɗaga. Ƙafafunsa suka bar katako. Ya sauka da baya, hular ƙarfen da ke kansa ta fice ta gangara cikin yara. Ya yunƙuro yana zagi, ya sake kawo hannun. Ta kama shi a wuyan hannu, ta ɗora a gefen dandamali, ta sauke gwiwarta a kai da duk nauyinta. Har na kan baranda sun ji ƙarar. Todd ya yi wata irin kuwwa siririya, ya dafe hannun da ya lanƙwashe inda ba gaɓa, hancinsa na zubar jini a kan tambarin ƙirjinsa.

Yara suka fashe da kuka. Kwalba ta fara zuwa daga sama ta fashe kusa da ƙafarta, sai takalmi, sai kujerar ƙarfe mai naɗewa. Wani uba ya hau dandamali ya shaƙe ta ta baya, wata mata ta riƙa dukanta da jaka mai ƙarfe a baki tana cewa ta lalata wa ɗanta ranar haihuwa. Darlene ba ta rama ba. Ta kwanta ta gefen hagu, ta tusa wannan rabin fuskar cikin katako, ta rufe da hannaye biyu, ta bar musu haƙarƙari da baya. Sun karya mata haƙarƙari uku kafin masu gadin kanti su janye su.

Mista Fazio ya zo asibiti da fure mai araha irin wanda ake sayarwa a gidan mai. Ya tsaya a bakin gado yana murza hularsa.

"Sun ce in aiko da kayan. Nawa ma sun karɓe izinin."

"Yaron fa?"

"An sa masa ƙarfe a hannu. Uwarsa na neman lauya. Da kin faɗi kawai, Darlene. Ke da kika fi kowa iya faɗuwa."

"Matso ta nan," ta ce, ta nuna hagunta. Ya matso. Ta rufe idon dama da tafin hannu, ta dube shi sama da ƙasa. "Akwai miya a kwalar rigarka."

Ba ta sake hawa dandamali ba. Labari ya zagaya cikin masu wannan sana'a, ba wanda zai sa matar da ta karya jarumi a cikin kayansa. Ta ɗan koma mayanka, daga baya ta yi jarrabawar tuƙin motar 'yan makaranta, aikin da ba a ba mai ido ɗaya. Ta ci. Shekara ashirin da wani abu tana zagaya ƙauyukan kwal da doguwar mota ruwan ɗorawa, da rabin kunne, da muryar da ke sa yaran kujerar baya su zauna ba sai ta waiwaya ba.

Yanzu ta tsufa, tana zaune a wani ɗan gida marar bene a gefen Scranton. Haƙarƙarin kan tashe ta in za a yi ruwa. Wani lokaci masu tara tsofaffin littattafan zane sukan gano ta, su zo da hoto su ce ta sa hannu, su tambaye ta ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Takan ce gaskiya ne, ta sa musu hannu, ba ta ƙara komai. Idon hagun yana yawan hawaye in iska ta kaɗa, hazon gefen kuma ya ɗan ƙaru da shekaru. Da shi take zura zare a allura, don na daman yanzu ya fi shi rauni.